Sunan Aro

Ni na rubuta sunan da hannuna, saboda haka ba ji-ta-ji-ta zan ba ku ba. A shekarar 1947 ina malamin elamantare a wata gunduma cikin fadamar Haɗejiya. A lokacin ba kawo yara makaranta ake yi ba, kamo su ake yi. Takarda kan zo daga En'e, a ce kowane bulama ya ba da ɗansa na cikinsa don talakawa su gani su yi koyi. Bulama Zarami na Tudun Kanya ya zo mini da wani siririn yaro mai shekara takwas, ya ce, "Malam Bala, ga ɗana Abdulwahid."

Na san Abdulwahid, kuma ba shi ba ne. Wannan Shu'ibu ne, ɗan ƙanen Bulama mai suna Bunu, wanda kwalekwale ya kife da shi damina biyu kafin nan. Na ɗaga kai na dubi Bulama, shi kuma ya dubi bakin ƙofa inda aka ajiye mini kwandon kifi banda. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Na tsoma alƙalami na rubuta Abdulwahid Zarami a rajista.

Ba ni kaɗai na yi haka ba, ba kuma Bulama kaɗai ba. Da yawan waɗanda aka rubuta a matsayin 'ya'yan masu gari a zamanin, marayu ne da 'ya'yan barori, don kowa na ganin boko ɓata ce, gara ta ci ɗan wani. Na faɗi wannan ne don ku san yadda abin yake, ba don in wanke kaina ba.

Shekara takwas bayan nan, ran sha takwas ga Disamba, ina zaune ƙofar gidana sai ga shi da kakin makaranta da takalmin roba, ya yi tsawo har sai da na ɗaga kai. Ya gama elamantare a hannuna, ya yi shekara huɗu a Midil a Kano, daga tashar jirgi ta Malam Madori bai je gida ba sai da ya biyo ta wurina. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ciro takardu biyu daga cikin wani littafi. Ta farko takardar gama Midil ce. Ta biyu daga kwalejin horon malamai ta zo, an ɗauke shi, shi kaɗai daga duk gundumar.

"Malam, abu uku suka ce in zo da su ran ashirin ga Janairu," in ji shi. "Takardar Midil, ga ta. Takardar likita, wannan zan je Haɗejiya ranar kasuwa in yi. Sai wannan ta yardar uba, a dangwala yatsa a nan ƙasa. Hedimasta ya ce wanda ya wuce ranar, ko ya je babu ɗaya daga cikin ukun, a bai wa wani gurbinsa."

Ya buɗe bayan littafin ya nuna mini. Ya ja layi ya jera kwanaki talatin da uku, kowace rana da abin da zai yi: ranar likita, ranar ɗinkin wando, ranar da zai sake bin littafin lissafi daga farko, ranar da zai kama hanya. Haka yake tun yana ƙarami, ba ya barin abu sai gobe. Na ji daɗi ƙwarai, na ce masa dangwalen yatsa ai aikin minti ɗaya ne. Da na san abin da ke gaba da ban faɗi haka ba.

Kafin in ci gaba, ku san cewa yaron nan suna uku gare shi, kuma na gaskiyar shi ne ba a kira. A makaranta Abdulwahid ne. A gidan Bulama, da yake akwai mai sunan, sai suka laƙa masa Ɗanboko. Uwarsa Mairam kuwa ɗan farinta ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari. Tun ran suna bakinta bai taɓa furta Shu'ibu ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Tana zaune a wani ɗaki can ƙuryar gidan tun rasuwar mijinta, tana surfe da gyaran kifi, ba ta da baki a kan komai.

Abin da ya faru a gidan, wani na gani, wani Shu'ibu da uwarsa suka ba ni daga baya. Da ya isa Tudun Kanya ya tarar da Bulama a zaure da dattawa. Ya karanta musu takardun ya fassara, aka yi ta sa albarka. Bulama ya karɓi takardar Midil ya juya ta gaba da baya, ya shafa hatimin da yatsa.

"To, a nan wane suna aka sa?"

"Abdulwahid Zarami, Baffa."

"Madalla. Kawo su in ajiye a akwatin ƙarfe. Ɗakin uwarka gara ta yi yawa."

"Baffa, da dangwalen yatsan?"

"Kai Ɗanboko, ko ruwa ba ka sha ba. Yatsan zai gudu ne? Bari a gama bugun shinkafa."

Abin da Shu'ibu bai sani ba shi ne, wata biyu kafin nan an tara bulamai an gaya musu zamani ya juya. Daga yanzu aikin En'e sai mai takardar Midil, kuma ko rawani za a naɗa, ɗan da ya yi boko za a fara dubawa. Bulama ya dawo gida ya kwana uku ba ya cin abinci sosai. Ɗansa Abdulwahid ya yi karatun allo, ya kuma shiga ajin Yaƙi da Jahilci har yana haɗa baƙi da wasali a hankali, amma takarda ba shi da ita. Sai ga takarda ta shigo zaure da ƙafarta, da sunan ɗansa a kanta da hatimi.

Shu'ibu ya tuɓe kaki ya shiga masussuka. Shinkafar Bulama ta yi kyau a shekarar, ruwa ya ja da wuri, dammuna jibge har bakin tafki. Kwana tara yana bugu tun hantsi har la'asar, hannun da ya saba da alƙalami ya yi bororo ya fashe. Bai yi ƙorafi ba, yana ganin in ya sa ƙarfi aikin zai ƙare da wuri. Ranar kasuwa ya roƙi izini ya taka har Haɗejiya, likita ya gwada ƙirjinsa da idonsa ya ba shi takarda. Wannan bai kai ta zaure ba, ya bai wa uwarsa ta sa a ƙasan kwalla.

Mairam ta fara shirin guzuri a ɓoye. Ta zaɓi manyan tarwaɗa ta yi bandarsu, ta daka dakuwa, ta wanke akwatin katakon da aka kawo ta da shi gidan ta shanya a rana. Ba ta ce masa komai ba, sai dai in ya shigo ta tura masa akwatin da ƙafa ta ce, "Kai, gwada ka gani ko littattafan za su shiga."

Da aka zuba shinkafa a rumbu ya koma zaure ya durƙusa.

"Baffa, an gama bugun. Saura kwana ashirin da biyu."

"Na sani. Amma tafiya irin wannan ba a yin ta da ka. Na sa liman ya yi istihara, sai mun ji abin da ya gani."

Mako guda ya wuce. Shu'ibu ya tari liman a hanyar masallaci ya tambaye shi cikin ladabi. Liman ya ce wace istihara, shi ba wanda ya yi masa magana. Yaron ya koma zaure, bai ce an yi masa ƙarya ba, ya ce dai kwanaki na tafiya.

"Gobe za a buɗe babban tafki a yi su, kowa ya shiga kamun kifi," in ji Bulama. "Ubanka sarkin ruwa ya so ya zama. Ka tafi ba ka shiga su ba, mutane su ce boko ta raba ka da gadonku? Bari a gama."

Sai ya ɗauki gora da koma ya shiga ruwan Janairu, ruwan da manya ma sai sun daure. Kwana huɗu ana su. A rana ta uku ya fito yana rawar sanyi, sai ya ga Abdulwahid zaune a gaɓa da takalmin robar Shu'ibu a ƙafa. Sa'anni ne, tare suka yi wasan ƙasa. Abdulwahid ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in an ɗora musu kaya su ɗauka, in an miƙa musu na wani su karɓa. Ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba ne ya ce in riƙa sawa ƙafata ta saba," ya ce.

"Ta saba da me?"

Abdulwahid ya tona ƙasa da tsinke, sa'an nan ya faɗa masa. An riga an kai maganarsa gidan hakimi. Ana neman mataimakin magatakarda, kuma an ce ya kawo takardar Midil ranar Litinin ta sama.

"Wallahi ni ma ba a tambaye ni ba, Ɗanboko. Kai ma ka san Baba."

"Ka iya karanta abin da ke cikinta?"

"Sunana dai na gane."

Shu'ibu bai je zaure ba, ya wuce ɗakin Iya, kakarsu, wadda ta haifi Bulama ta haifi Bunu. Ita kaɗai ce Bulama ke tsugunawa a gabanta. Tsakaninta da Shu'ibu akwai wasan kaka da jika, tun yana ƙarami take ce masa maigidanta. Tana ganinsa ta fara.

"A'a, maigidana ya zo hannu rabbana? Ina kifin cefane?"

"Iya, yau ba wasa na zo ba. Baffa zai bai wa Abdulwahid takardata."

Ta ci gaba da kaɗin zarenta. Ashe ta sani.

"To, ai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Kai da shi duk jinina ne. In ya samu ai kai ka samu."

"Iya, ni na sha bulalar. Ni na yi shekara takwas ba na ganin Inna sai da hutu."

"Ka sha, ban ce ba ka sha ba. Amma karatun ai yana kanka, wa zai cire maka? Takarda ce kawai, ƙyalle ne. Shi kuwa in babu ita rawanin gidan nan ya bar gidan nan. Kana so a ce a dalilinka sarautar kakanka ta koma hannun bare? Ka yi haƙuri, maigidana. Mai haƙuri kan dafa dutse."

Shu'ibu ya ce da ni daga baya, duk abin da aka yi masa a gidan babu wanda ya yi masa ciwo kamar wannan "maigidana" da ta ƙarasa da ita. Ya fito bai yi mata sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

Bayan kwana uku ya zo wurina, saura kwana tara. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage, yana tari. Ya buɗe mini bayan littafin nan. Layukan da ya ja suna nan, amma tun daga ranar likita babu wadda aka yi wa alamar an gama. Ya ce, "Malam, kai ka san gaskiya. Kai kaɗai Baffa zai ji kunya." Na hau kekena na tafi Tudun Kanya ina ta shirya maganganu a hanya, har da ayoyin cin dukiyar maraya.

Bulama ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo fura. Na fara da yabon yaron, na ce gurbi irin wannan ba ya zuwa sau biyu, na ce in ya fito malami gidan nan ne zai ɗaukaka. Ya bar ni na gama tsaf.

"Malam Bala, na ji. Amma tambaya ɗaya zan yi maka. Sunan wa ke kan takardar?"

"Ranka ya daɗe, ni da kai mun san wanda ya yi karatun."

"Aro na ba shi. Ɗana na raɗa wa sunan, da ragona. Na ara wa ɗan ƙanena ya je ya samu ilimi da shi, ya samu, alhamdu lillahi. Yanzu mai abu yana son abinsa. Kayan aro ai ba ya rufe katara. Ni na ci da shi, na tufatar da uwarsa shekara goma. Don na ce ya taimaki gida sau ɗaya sai ya zama zalunci?"

Na ce in haka ne dole in sanar da hukuma. Ya yi murmushi, ya tura mini ƙwaryar furar.

"Sanar da su. In Di'o ya tambaya da hannun wa aka rubuta sunan a rajista, sai ka gaya masa. Ni rawani zan rasa, kai aiki, shi kuma yaron a ce da sunan ƙarya ya ci jarrabawa a soke shi. Uwarsa ta nemi wurin zama. Wa ka taimaka?"

Na dawo gida. Sau uku ina rubuta wa hedimastan Midil wasiƙa ina bayyana komai, sau uku ina yagawa. Na ce wa kaina yaron nake karewa. Ƙarya nake yi, albashina da 'ya'yana biyar nake karewa. Ko da wasiƙar za ta yi amfani ko ba za ta yi ba, Allah kaɗai ya sani, don ban aika ba balle a gani. Da Shu'ibu ya dawo jin amsa na ce masa ya ƙara haƙuri, ana kan magana. Ya dube ni, ya tashi bai yi mini sallama ba, kamar yadda ya yi wa Iya.

Saura kwana uku ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe. Ya shiga zaure bayan azahar, ya kwanta rub da ciki gaban dattawa, ya ce in Baffa ya bar shi ya tafi, duk abin da ya samu har ya mutu na gidan ne, kuma zai koya wa Abdulwahid Turanci duk hutu har ya ci jarrabawa da kansa. Dattawa suka sunkuyar da kai. Bulama ya ce makullin akwatin yana wurin Abdulwahid, shi kuwa ya tafi gidan hakimi tun Litinin, sai ya dawo. Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma lambun albasa na neman ban ruwa.

Ran ashirin ga Janairu Shu'ibu yana bakin kogi yana jan jigo tun safe. Ba wanda ya ambaci ranar a gidan. Da yamma Mairam ta kwance ƙullin guzurin ta raba wa yaran gidan dakuwar, don ta fara tsami. Kifin ta zuba a miyar gidan, Bulama ya ci har ya yaba.

Daga nan yaron ya daina magana sai dole. Yana fita lambu, yana dawowa, tarin na ƙaruwa. Littattafansa na cikin akwatin katako bai ƙara buɗewa ba. In yara suka kira shi Ɗanboko ba ya waiwaya. Mutanen gari kuwa kowa ya san abin da aka yi, a bakin kogi ana cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, amma in Bulama ya wuce sai a zube a gaishe shi, a yi masa murnar aikin ɗansa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Abdulwahid bai yi wata guda a gidan hakimi ba aka gane hannunsa ba ya gudu. Ya yi ta kame-kame, yau ciwon ido, gobe ya manta tabarau, shi da bai taɓa sa tabarau ba. Rannan babban magatakarda ya yi tafiya, sai ga takarda daga Di'o da Turanci a kan gyaran hanyar da ruwa ya cinye, ana son amsa cikin kwana biyu. Abdulwahid ya naɗe ta a aljihu ya hau keke sai Tudun Kanya. Ranar ina can, na je ɗaukar sababbin yara, ina zaune a zauren da dattawa huɗu.

Bulama ya aika aka kira Shu'ibu daga lambu. Ya shigo da laka har gwiwa. Aka ajiye masa takardar da tawada da alƙalami a kan tabarma.

"Ɗanboko, karanta wa ɗan'uwanka wannan, ka rubuta masa amsa. In ka gama ka sa sunan a ƙasa yadda ka saba. Daga yau duk Alhamis zai riƙa kawowa. Ka ga karatunka bai tafi a banza ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shu'ibu ya daɗe yana kallon takardar. Na ga leɓɓansa na motsi, yana karantawa, don ido in ya saba ba ya iya ƙin gani. Sa'an nan ya goge hannunsa a riga ya ɗauki alƙalamin. Ina tsammanin a lokacin ya riga ya sallama, ya yarda haka rayuwarsa za ta ƙare.

Sai asabarin ƙofar cikin gida ya ɗaga. Mairam ce, da mayafinta, hannunta duk dusa. Shekara goma sha takwas tana gidan, ba ta taɓa taka zauren nan maza na zaune ba. Ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe da kowa ba. Muryarta ma ba ta ɗaga ba.

"Shu'ibu," ta ce. "Ajiye alƙalamin nan."

Wani dattijo ya yi salati a hankali, don a wurinmu mace ta kira ɗan farinta da suna a gaban mutane daidai yake da ta fita ba ɗankwali. Yaron ya ɗago ya dube ta kamar bai gane da wa take ba. Ta sake faɗa, a hankali, yadda zai ji sosai.

"Shu'ibu ɗan Bunu. Da kai nake. Sunan da ubanka ya raɗa maka ke nan, ba aro ba ne, ba wanda zai ce ka dawo da shi. Tashi mu tafi."

Bulama ya ce, "Mairam, kin yi hauka ne? A gaban mutane? Ina kunyar?"

"Kunyar ce ta kai mu nan, Yaya. Ran da ka kama hannunsa ka kai shi makaranta da sunan wani, ina bayan asabarin nan, na ji kunya na yi shiru. Ran da ka kulle takardarsa na ji kunya. Ta ƙare."

"Shekara goma kuna cin tuwon gidan nan."

"Takwas daga ciki tuwon makaranta ya ci. Nawa kuwa da taɓarya na ci shi."

Shu'ibu ya ajiye alƙalamin a kan takardar Di'o, tawada ta ɗiga ta ɓata gefenta. Hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba. Ya tashi ya bi uwarsa. Kafin la'asar sun ɗaura akwatin katakon a kan jakin wani maƙwabci, suka kama hanyar danginta can wajen Kirikasamma. Iya ta fito har ƙofar gida tana kiran maigidanta ya dawo su yi magana, bai waiwaya ba. Amsar takardar Di'o kuwa, kada ku tambaye ni wanda ya rubuta ta a ranar. Ni ne malamin da ke zaune a zauren.

Da na so in gaya muku cewa asiri ya tonu, an tsige Bulama, an kira yaron kwaleji. Ba haka aka yi ba. Abdulwahid ya zauna a aikinsa, kullum da mai rubuta masa, daga baya ma ya gaji rawanin ubansa. Bulama ya rasu ana yabonsa da riƙon zumunci. Ba a daki Shu'ibu ba, ba a hana shi abinci ba, ba a ko ɗaga masa murya ba. Da "bari a gama" da "ka yi haƙuri" aka cinye shi, kuma kowannenmu da ya sa hannu yana da hujjar da za ta shiga kunne. Irin wannan zaluncin ya fi ba ni tsoro, don mai yin sa yana kwana da alwala, yana ganin gida ya gyara.

Na sake ganinsa sau ɗaya. A 1959 aka tura mu malamai ƙauyuka rubuta sunayen masu zaɓe, ni aka kai ni wani ƙauyen masunta kusa da Kirikasamma. Ina ƙarƙashin tsamiya da tebur, kaina a sunkuye, ina tambayar kowa suna ina rubutawa. Sai wani ya tsaya a gabana, ƙafafunsa duk faso, yana warin kifi.

"Suna?"

"Shu'ibu Bunu. Wannan karon ka rubuta daidai, Malam."

Na rubuta. Ya sa yatsa biyu ya juya rajistar ta fuskance shi, ya karanta, ya juyo mini da ita. Na buɗe baki in nemi gafara, ban san ta inda zan fara ba. Ya ce akwai mutane a bayansa, kuma ya bar taru a ruwa. Ya tafi, na bi bayansa da kallo har na gaba ya gaji ya faɗi sunansa ba a tambaye shi ba.

Shekara goma sha biyu ya jira kafin sunansa ya shiga takardar hukuma, kuma aikin bai ɗauke ni minti ɗaya ba.